Iccen burtu

Duk lokacin da na ratsa wurin masu yanka katako a Sabon Gari, ƙanshin ɗanyen maɗaci kan mayar da ni Jiratawa, gidan da na tashi. Babana masassaƙi ne. Kawuna kuwa, wan innarmu, ma'aikacin gandun daji ne, shi ke tsaron kurmin bakin gulbi.

A kurmin nan akwai wani tsohon maɗaci mai kogo, inda burtu ke ƙyanƙyasa duk damina. Da asuba mukan ji gunjinsu daga ɗaka, kamar ana kaɗa ganga can nesa.

Wata shekara wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya zo sayen manyan itatuwa, ya ɗauki Baba aikin sara. Ranar da aka kai ga maɗacin, na kai wa Baba fura, na tarar da Kawu tsaye ya jingina bayansa da iccen.

"Tsuntsu kake tsaro," in ji Baba, "ni kuwa ɗiyan ƙanwarka nake ciyarwa."

"Na sani. Amma wannan, sai dai ka fara da ni."

Baba ya saɓa gatarinsa ya tafi. Damina guda ba su gaisa ba, Inna tana zuba wa kowa tuwo daban.

Maɗacin ya tsira, amma wasu masu sara suka share duk abin da ke kewaye da shi. Ya rage shi kaɗai a fili, burtu kuma suka tafi.

Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Sai dai daga nan, in yana sassabe, ya daina cire tohon gawo da kalgo da kanya a gonarmu. Yakan gyara su ya bar su. Bayan su biyun sun tsufa sun shirya, Kawu ya zauna a inuwar itatuwan ya ce wa Baba, "Ni icce guda na tsare. Kai ka fi ni."

Yau gonar tana hannuna, itatuwanta sun fi soro tsawo. Kada ka zata burtu ya dawo; icce ba ya kogo sai ya ga jikokin wanda ya rene shi. Masu katako sun zo mini sau da yawa. Nakan ba su ruwa su sha, in raka su bakin hanya.