Ranar da Na Kwance wa Inna Ƙunshi

Da aka yi sunan ɗan yayana a Legas, hotunan a ƙulle ya turo mini su cikin fayil guda, don sabis a Bagudo sai ya ga dama, wani sa'in ma waya ta kama na Benin. Inna ta zauna kusa da ni tana gyara kallabi kamar amarya. Na buɗe baƙin allon kwamfuta, na rubuta umarnin kwance ƙunshi, wato tar -xvf, da sunan fayil ɗin. Sunayen hotuna suka riƙa gangarowa a jere, ni kuwa sai washe baki nake, ƙunshi ya kwance lafiya.

Inna ta dubi allon, ta dube ni.

"To malam, rubutu dai na gani. Ina angon nawa?"