Wutar da Na Ɗauko daga Baure

Talata: Kano zuwa Daura

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gidana a Fagge, na yi sallah a tashar Ƙofar Ruwa, shida da minti goma motarmu ta tashi. Fijo ce mai cin mutum bakwai aka cusa mata tara, naira ɗari uku kowane kai. Ni tela ne, shekarata goma sha huɗu a Kano, amma a Daura aka yanke cibiyata. Goggo Indo ce ta tashe ni daga kan keke, ƙanwar mahaifina wadda ta rene ni. Ta aiko cewa in zo in kwashe ta da tukwanenta, ta gaji, ƙauye za ta koma.

Duk wanda ya san Daura a da, ya san layin masu abincin dare da ke tsakiyar gari. Mutum goma sha ɗaya ne, daga isha'i har biyun dare: tsire, shayi, waina, kifi, da tuwon Goggo. Fatake masu lodin shanu a nan suke ci, haka direbobi da masu jinya, da malaman da suka tashi daga karatu. Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ni ma na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma da aka rufe gidan giyar da ke bayan layin ban ji zafi ba ko kaɗan. Amma shekara ba ta zagayo ba wasu samarin unguwa suka kafa wa kansu kwamiti, babu wanda ya naɗa su, suka ce zaman dare ne ke kawo baɗala. Wani dare suka kwara bokitin ruwa a tukubar Baba Mati mai tsire, dattijon layin. Ya tattara ya koma garinsu Baure, layin ya mutu.

Bakwai da kwata muka wuce Dambatta. A Kazaure muka tsaya shan koko da ƙosai, direba ya tambaye ni ko a Daura zan kwana. Na ce e.

"To, Malam, ka ci ka ƙoshi kafin magariba. Garin nan yanzu tare da kaji suke shiga ɗaki."

Aka yi dariya a motar, ni ban yi ba. Tara da minti biyar muka shiga Daura, kilomita ɗari da talatin da ɗoriya.

Na tarar da Goggo ta kife tukwane a tsakar gida, ta ɗaure muciya da ludaya da tsumma. Bayan mun gaisa na tambaye ta ko hukuma ta kawo takardar hana su.

"Wace takarda? Ko tsinke ba a kawo ba. Ni da ƙafata na je wajen Malam Liman, ya ce in dai akwai haske, babu cakuɗa, babu kiɗa, ciyar da mai yunwa ba shi da lokacin hani."

"To, Goggo, me ya hana ki hura wutarki? Ashana ce ta ƙare a Daura?"

Ta harare ni kamar ina ɗan shekara bakwai. "Kai Ilu, zaman Kano ya cinye maka kai. Yaushe ka taɓa ganin an kyasta ashana a layin nan?"

Sai na tuna, kunya ta kama ni. A layin nan dattijo ne kaɗai ke kunna wuta, kowa daga tukubarsa yake ɗiban garwashi. Tunda Baba Mati ya tafi bai miƙa wa kowa ba, duk wanda ya kyasta ashana ya naɗa kansa sarki ke nan, kuma babu mai bin sa. Ga tsoro, ga kunyar dattijo, su suka haɗu suka kashe layin.

Da magariba na leƙa wurin. Nuhu mai shayi, mutumin Dutsi, shi kaɗai ya rage, shi ma da rana yake yi, yana ta saurin kife kofuna kamar wanda ake kora. Na ce in an hura wuta zai dawo dare? Ya duba hagu da dama ya ce, "Yaya Ilu, 'ya'yana biyar." Ƙarfe tara na sake zagayowa, layin baƙi ƙirin. Wani bawan Allah ya tare ni da fulas a hannu, matarsa na asibiti, ruwan zafi kawai yake nema. Na kai shi gidan Goggo. A nan na ce mata kada ta taɓa tukwanen nan sai na dawo daga Baure.

Laraba: Daura, Zango, Baure

Bakwai da rabi na shiga bas, naira ɗari da ashirin. Damina ta yi kyau, gero ya kai ƙugu a dama da hagu. Takwas muka wuce Zango, tara da kwata muka sauka Baure, kilomita hamsin ko kusa da haka. Ban sha wahalar neman gidan Baba Mati ba, da na ce mai tsiren Daura aka nuna mini.

Na same shi a zaure, ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya gane muryata. Aka kawo fura mai sanyi, na sha na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ba zan koma ba, ɗan nan. Shekara talatin da shida ina hura wutar can, yaron da na sha ba wa tsire kyauta ya kwara mata ruwa a gaban idona. Ko da ƙafar tana tafiya, zuciyar ba ta zuwa."

Na ce to Goggo za ta koma ƙauye ke nan. Can ya ce a kawo masa kasko. Ya ja jiki har bakin murhun gidansa, ya zuba toka a ƙasan kaskon, ya zaɓi garwashin ƙirya guda huɗu, ya ɗora busasshen kashin shanu, ya sake rufewa da toka.

Na ce, "Baba, kada fa a ce camfi muke yi."

"Camfin me? Wuta wuta ce, ba ta ba da arziki. Amma mai zuwa ɗiban wuta sai ya yi sallama, sai na kalli idonsa, sai na ji warin bakinsa. Mashayi bai taɓa samun garwashina ba, ɓarawo bai taɓa kafa tebur a layin nan ba. Mu muka tsare wurin tun ba a haifi 'yan kwamitin ba. Kai wa Indo. Ka ce daga yau a wajenta ake ɗiba."

Baure zuwa Daura, da kasko a cinya

A nan tafiya ta zama aiki. Direban bas na farko ya leƙa kaskon ya ce, "Wuta? Da jarkar fetur a but? Allah ya kiyaye hanya, Malam." Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Ban ga laifinsu ba, amma na yi ta zagin su a zuci. Sai biyu da rabi na samu a-kori-kura mai ɗauke da awaki da buhunan kanwa, direban ya ce naira tamanin, in zauna can ƙarshe, in gashin akuya ɗaya ya babbake ni da mai ita.

Kafin Zango muka tarar da shingen kwastan. Jami'in ya zagayo ya ce me ke cikin kaskon.

"Wuta ce, ranka ya daɗe."

"Ina za ka kai ta?"

"Daura."

Ya tona tokar da tsinke, ja ya bayyana. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce shekararsa tara a kan hanyar nan, ya kama shinkafa, ya kama atamfa, yau ga mai fasa-ƙwaurin garwashi. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ɗaga mana katako.

Muna barin Zango hadari ya haɗo daga gabas. Minti goma ba a yi ba ruwa ya tsuge, motar kuwa ba rufi. Tsoro ya kama ni sosai, don in wutar nan ta mutu ban san da wane ido zan kalli Goggo ba. Na durƙusa na kifa cikina a kan kaskon, na ja babbar rigata na lulluɓe mu tare, shadda ce da na ɗinka wa kaina da sallah. Hayaƙi ya cika mini ido, awaki na tattaka mini baya, ruwa na bin wuyana. Na ji ƙauri, na san rigar ce, ban ɗaga ba. Huɗu da minti ashirin muka shiga Daura ruwa ya ɗauke. Na tona tokar: uku sun mutu, ɗaya na nan da rai. Gaban rigata kuwa ya huje, hannu zai shige.

Goggo ta karɓi kaskon da hannu biyu. Da na faɗa mata saƙon Baba Mati sai ta juya baya ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Kwance mini muciyar nan."

Daren Laraba, a layin

Ana idar da isha'i muka fito. Na jera duwatsun murhu a gurbinta na da, na rataye fitilun ƙwai uku. Bencin maza can, tabarmar mata nan. Ta ɗora kara a kan garwashin, ta fifita da faifai, wuta ta kama. Tuwon dawa da miyar kuka, naira talatin malmala biyu. Direbobi uku suka fara zama. Can cikin duhu kuma ina hango sauran 'yan layin a tsaitsaye jikin shaguna, sun ji labari, amma babu wanda ya matso. Tuwo kaɗai ba ya raya layi. In ba wanda ya zo ɗiban wuta, gobe sai ƙauye.

Goma saura kwata sai ga shugaban kwamitin, Sabi'u, da mutum huɗu, ɗaya riƙe da bokiti. Direbobin suka tsame hannu daga kwano.

"Baba Indo, ai an hana wannan."

"Wa ya hana, Sabi'u? Ina takardar? Wa ya sa hannu?"

"Ba sai da takarda ba. Gyaran tarbiyya muke yi."

"To gyara. Ga fitila uku, ga maza can, ga mata nan. Duba da kyau, in ka ga haram nuna mini, ni zan kashe wutar da hannuna. In kuma ba ka gani ba, matsa, kana tare mini iska."

Ya ce ɗauko wuta daga wani gari ma ai camfi ne. Na maimaita masa maganar Baba Mati yadda ya faɗe ta, ban rage komai ba. Sai ya yi wa mai bokitin ido. Raina ya ɓaci. Goggo kuwa ko tashi ba ta yi daga kujerarta ba.

"Zuba, ɗan nan. Zuba. Gobe Ilu zai koma Baure ya ɗauko wata."

Na buɗe hujin rigata a gaban fitila na ce, "Jibi ma haka. Riguna gare ni da yawa, ni nake ɗinka su."

Mai bokitin ya tsaya da shi a hannu, ya kasa gaba ya kasa baya. Ana cikin haka na ji takun silifa. Nuhu ne ya ratso titi da tsohon murfin langa a hannu. Ya bi ta tsakanin Sabi'u da mai bokiti, ya durƙusa.

"Salamu alaikum. Goggo, a sam mini wuta."

Ta kalli idonsa sosai, yadda ake yi, sannan ta ɗebo garwashi da ludayin ƙarfe ta zuba masa. Bayansa mai waina ta zo, sai mai kifi, sai wani mai tsire da ya koyi aiki a hannun Baba Mati. Sabi'u ya ce za su dawo, Goggo ta ce su zo da yunwarsu. Suka tafi da bokitinsu cike.

Sha biyun dare na ƙirga wuta biyar a cikin goma sha ɗaya. Shida ba su fito ba, kuma ban yi muku alkawarin za su fito ba. Amma motocin shanu biyu sun tsaya, kuma mutumin jiya ya dawo da fulas ɗinsa, Nuhu ya cika masa. Ƙarfe biyu Goggo ta rufe garwashinta da toka a kaskon Baure, ta ɗauka da kanta, ta hana ni taɓawa.

Alhamis: komawa gida

Bakwai na safe na yi mata sallama, tana tankaɗen garin tuwon dare. Tukwanen da na zo kwashewa suna jiƙe a bakin rijiya. Sha ɗaya saura na sauka Ƙofar Ruwa, azahar ta same ni a Fagge.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Mati, da mai a-kori-kurar da ban ko tambayi sunansa ba, da Nuhu mai 'ya'ya biyar. 'Yan uwana Daurawa mazauna Kano, in kun je gida kada ku ci abinci da magariba, ku bar cikinku sai goman dare, ku je ku zauna a bencin nan a gan ku.

Maiɗakina ta ga rigar ta riƙe baki, ta ce tela guda da huji a gaba, in kawo ƙyalle a toshe kafin mutane su gani. Na ce ta bar ta yadda take. Da ita na je masallacin Juma'a washegari, kuma duk wanda ya tambaya na tsaya na ba shi labari.