Zangarniyun da Ban Daka Ba

Da na daka irin geron nan a shekarar yunwa, da ƴata Rabi ta rayu? Na tsufa, idona ya tafi, har yau ban san amsa ba.

Ina yarinya a Kurni, in an gama cin tuwo mukan kewaye murhun Kaka, tana gasa mana gyaɗa a toka tana tatsuniya. Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta zabbi. Ta ce a da zabbin daji akwai farare, akwai masu ɗigo-ɗigo. Shaho yana sama, fararen yake hangowa, sai ya sauko ya sure. Masu ɗigo kuwa suka saje da inuwar ciyawa, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe masu kama da su. Ba wadda ta sake launi, fararen ne suka ƙare. Na tambaye ta laifin me fara ta yi.

"Ba ta yi laifin komai ba, takwara," in ji ta. "Ganinta aka yi."

Bayan an kawo ni Matameye gidan mijina Malam, wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Gona ta ƙone, sai ƴan karare da suka riga sauran nuna. Malam ya yanke zangarniyunsu, ko dami ɗaya ba su cika ba, ya rataye a rumbu ya ce iri ne. Muka koma cin tafasa da dusa. Rabi tana goye, nonona ya ƙafe. Na roƙe shi ya bar ni in dama mata ko kunu ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce in mun ci wannan, baɗi me za mu shuka. Kafin damina ta dawo Allah ya karɓi abarsa.

Irin nan da muka shuka, da wuri ya nuna kamar iyayensa. Duk shekarar da ruwa ya gaza, masu nawa su bushe, masu sauri su bar iri. Da shi muka raini ƴaƴa biyar, har maƙwabta suna zuwa roƙonsa. In na tsaya a gonar nakan tuna zabbin Kaka, in ce wanda ya saura bai fi wanda ya tafi kirki ba, zamani ne ya dace da shi. Sanin hakan bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Tun daga ranar da Rabi ta rasu Malam bai ƙara ambaton sunanta ba. Bara, yana kwance a ciwon ajali, ina ba shi kunun geron nan da ludayi, sai ya kau da kai ya riƙe hannuna. Maganar da ya yi mini a lokacin ita ce ta ƙarshe.

"Kullum na kai shi baki sai na ga yarinyar nan," ya ce. "Ki yafe mini. Ajiye, na ƙoshi."