Ranar da Iya Ta Ce In Kalli Ruwa

Tun wata Juma'a a farkon zafin bara hankalina ya tashi. Mun fito daga masallacin Regent's Park ke nan, ina gyara wa Walida takalmi, Babanta ya ce albishirina, ya yi mana booking za mu Italiya. Ba jirgin sama nake tsoro ba, ai shi ya kawo ni ƙasar Turawan nan. Hoton da ya nuna mini a waya ne ya sa gabana ya faɗi: wani tabki wai shi Como, shuɗi, duwatsu sun kewaye shi, ga ɗan jirgin ruwa a tsakiya. Ya ce wurin abokinsa za mu sauka a Milan, sannan rana guda wata mata za ta zo da mota ta ɗauke mu, mu kaɗai, ta zaga da mu, ta saka mu a jirgin. Na ce, "To in mun shiga jirgin ina za mu?" Ya yi dariya ya ce, "Babu inda za mu, Maman Walida. Kallo za mu yi." Na ce kallon me? Ya ce, "Kallon ruwa mana."

Ban hana shi ba, don mutumin ya daɗe yana son ya kai mu wani wuri. Amma Walida yarinya ce mai kallo. In ta ga abu sai ta tsaya cak, baki buɗe, har sai an ja ta. A Thamesmead inda muke akwai wani tabki kusa da flat ɗinmu, agwagi cike, kuma tun da ta fara makaranta ban taɓa bi da ita ta bakinsa ba. Ta bayan gine-gine muke zagayawa ko da ana ruwan sama. Ni an raine ni ne a kan cewa ba a tsayawa kallon ruwa, ga shi za a kai mini 'ya wurin da babu aikin yi sai shi.

A bakin wani babban dam na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa. Rakiya sunanta, muna ce mata Iya, kuma sunanta Walida ta ci. Garinmu ba kamar sauran ƙauyuka yake ba. Gidajen a jere suke layi-layi kamar an ja su da igiya, babu lungu, babu tsohuwar bishiya ko ɗaya, sai darbejiya da aka dasa. Mu yara ba mu ga abin mamaki a ciki ba. Tsofaffi ne kawai in suna hira za ka ji suna cewa "lokacin muna gida", alhali a ƙofar gidansu suke zaune. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka haka tsofaffi suke magana.

Duk rayuwarmu a kan ruwan nan take. Da sassafe mu 'yan mata za mu naɗa gammo mu gangara da tuluna, mu cika randunan gida kafin a buga ƙarfen makaranta. Ranar da babu makaranta wanki ne, mu shanya a kan ciyawa, mu zauna muna 'yar carafke da tsakuwa har kayan su bushe. Da rani, in ruwan ya ja baya ya bar laka, maza su dasa albasa da tumatir da attaruhu, mu kuma a aike mu kai abinci, mu dawo da ƙafa baƙa ƙirin har gwiwa. Iya tana sayen kifi a hannun masunta, baƙin da suka zo daga nesa suka kafa bukkoki a gefe, ta yi banda, ta soya ƙananan, ni in ɗauka talla. Tallan nan ne ya cinye mini karatu, a aji huɗu na tsaya. Har yau in na bi ta layin masu kifi a kasuwar Lewisham, warin nan yana mayar da ni gindin murhunta, ina fifita wuta idona na hawaye.

Amma duk wannan zama da ruwan, ban san kamarsa ba. Dokar Iya ce. "Ki ɗebi ruwanki, idonki a kan ƙwarya. Kada ki tsaya kallonsa, zai kira ki." In ta kama ni na ɗaga kai ina hangen nesa, ranƙwashi ne. Ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin matan garin haka suke. Mu kuma yara muka ƙara wa abin gishiri: wai akwai mutane a ƙarƙashin ruwan, da gidajensu da rijiyarsu, wai in iska ta kwanta ana jin dakansu. Ƙawata Asabe ta rantse ta taɓa jin carar zakara daga ciki. A filin makaranta ma muna da wasa, a zana da'ira a ƙasa a ce ruwa ne, ɗaya ta shiga tsakiya tana kiran sunaye, duk wadda ta ɗaga ido ta kalle ta an ja ta ciki. Ni ba a cika kama ni ba. Na iya sunkuyar da kai.

Sai wata shekara da damina ta yi ƙaranci, ruwan ya ja baya fiye da yadda muka taɓa gani. A lokacin idon Iya ya fara yin yana, ba ta ganin nesa. Wata safiya ta ce in ajiye farantin talla. Ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta kama zakaranta ja ta ɗaure masa ƙafa, ta ce in riƙe mata hannu. Muka gangara har bukkokin masunta, wurin wani dattijo Malam Audu. Ta miƙa masa zakaran ta ce ya ɗauke mu a kwalekwalensa, mu biyu kawai, kada ya haɗa mu da kowa. Ya ce, "Iya, tsallake za ku, kasuwa?" Ta ce, "A'a. Dutsen Mata na ji an ce ya fito. Can za ka kai ni."

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ranar. Na zauna a ƙasa na cusa kai tsakanin gwiwoyi ina karanta duk surar da na iya. Da muka yi nisa sai na ji hannunta a haɓata, ta ɗaga mini fuska. "Yau ki kalla," in ji ta. "Idona ya mutu, naki zan ara. Gaya mini me kika gani." Na kalla. Wallahi ban san ruwan yana da faɗi haka ba, ban san yana canza launi ba, kore a kusa, fari a nesa inda rana ta sauka. Na ce na ga tsuntsaye. Ta ce ba su ba. Na ce na ga wani abu baƙi shimfiɗe kamar bayan saniya. Ta damƙe mini kafaɗa ta ce, "Shi ne."

Dutse ne mai faɗi, laka ta bushe a kansa ta tsattsage. Malam Audu ya riƙe kwalekwalen, na kama ta muka hau. Ta durƙusa tana lalube da tafin hannu, tana ɓare lakar, sai ga ramuka a jikin dutsen, santsi kamar cikin akushi. Ta ce nan matan garinsu suke niƙa, kowane gida da raminsu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunayen matan da ban taɓa ji ba, har ta kai wani mai zurfi a gefen tsaga. Ta saka hannu a ciki tana shafawa. Can ta ce, "Na uwata ne." Ta kamo hannuna ta saka a ciki ita ma. Da ɗumi, rana ta gasa shi.

A nan na san cewa mutanen ƙarƙashin ruwa mu ne. Ta miƙe ta juya bayanta ga tsagar, ta miƙa hannu tana nuna ruwa tsagwaronsa. Can masallaci, can rijiya, can gidan maƙera, nan kusa gidansu, akwai tsamiya a ƙofa. Ta ce da aka zo gina dam an kwashe su a manyan motoci aka kai su tudu, tana da goyo a lokacin. Sannan ta nuna wani gefe ta ce maƙabarta ce, uwarta na nan, da ɗanta na fari da bai kai ga yaye ba. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ni da Malam Audu muka shafa. A hanyar dawowa ta gaya mini cewa su manoman tudu ne, ba su san ruwa ba, shi ya zo ya same su, kuma a shekarun farko ya ci yaran garin da dama. Ta ce, "Ki riƙe abin da na nuna miki." Muna taka ƙasa kuma ta ce, "To, sunkuyar da kanki." Washegari na ɗaga kai a bakin ruwa, na sha ranƙwashina kamar kullum.

Abu biyu ta ba ni ke nan, tsoro da gari. Tsoron na riƙe shi da kyau, na haye da shi teku. Garin kuwa ban taɓa gaya wa kowa ba, har Baban Walida.

Ranar tafiya tabkin ta zo. Matar da ta ɗauke mu sunanta Kiyara, za ta yi sa'ar yayar mahaifiyata, mai fara'a, hannunta ba ya hutawa in tana magana. Ta bi da mu wata hanya mai lanƙwasa a jikin dutse, ta tsaya ta saya wa Walida abin sanyi, ta kai mu wani gari mai matattakala da furanni a kowace taga. Da Turanci take bayani, abin da ya wuce ni Baban Walida ya fassara. Duk na daure har aka zo shiga jirgin. An saka wa Walida rigar da ke hana nutsewa, amma duk da haka na naɗe bayan rigarta a hannuna, na zaunar da ita a tsakiya, na ce ta kalli takalminta. Babanta ya ce a hankali, "Maman Walida, kin shaƙe yarinyar nan." Na ce ya ƙyale ni. Ni ma ƙasan jirgin nake kallo. Ina jin Kiyara tana cewa wancan gidan wane ne, wancan lambun an yi shekaru kaza, ban ɗaga kai ba.

Sai ta ce wa mai tuƙi ya kashe inji. Muryarta ta sauya, ta bar irin ta aiki. Ta ce wannan ba ya cikin abin da ake nuna wa baƙi, amma ba ta iya wucewa ba ta gaishe shi ba. Abin da ya sa na ɗaga ido ke nan. Wani ɗan ƙauye ne manne da dutse, matattakalarsa ta gangaro har cikin ruwa, a ƙasa akwai wani falalen dutse da ya sha hannu har ya yi santsi. Ta ce nan kakarta take wanki, tana yarinya takan riƙe mata sabulu. Ta miƙa hannu tana nunawa, can gidansu, can cocinsu, can aka binne ta. Yadda ta miƙa hannun nan, wallahi sai na ga Iya.

Walida ta juyo ta tambaye ni da Turancinta, "Mummy, ke ina kakarki take wanki?" Na buɗe baki, sai na ji hannuna ya yi tsami saboda riƙo. Na sassauta. Ban sake ta duka ba, kada in yi muku ƙarya, amma na matsa da ita gefen jirgin, na ɗaga mata haɓa na ce, "Kalla." Da Hausa na ba ta labarin, tana ji ko da ba ta mayarwa. Na ce ta ɗauka wannan ruwan namu ne, wancan dutsen shi ne Dutsen Mata. Na nuna mata masallaci, na nuna gidan mai tsamiya, na ce mai sunanta a nan aka haife ta. Da na zo kan rijiya sai na tsaya. Dama ce ko hagu? Na juya abin a kaina, ya ƙi zuwa. Baban Walida ya zuba mini ido. Walida kuwa ta leƙa ruwan sosai, ta daɗe, sannan ta ce ba ta ga tsamiyar ba amma ta ga kifi.

Yanzu ta bakin tabkin unguwarmu muke bi zuwa makaranta. Ina riƙe da hannunta gam, kuma har yau in ta matsa kusa nakan jawo ta baya. Amma nakan bar ta ta tsaya ta kalli agwagi, wani lokaci ta nuna tsakiyar ruwan ta ce can ne gidan Iya, in ce mata eh. Kiyara in ta yi kewar kakarta jirgi kawai za ta shiga, dutsen na nan a fili. Namu sai shekarar da damina ta gaza yake fitowa. Iya ta rasu, Malam Audu ma na ji ya rasu, na kira mahaifiyata ta ce ita a goye aka fito da ita, ba ta san komai ba. Rijiyar nan ta ɓace ke nan, a hannuna ta ɓace, ba a ruwa ba.

Don Allah, in kuna da tsohuwa a gida da ta san inda wani abu yake a da, ku kai ta ta nuna muku tun hannunta na miƙuwa. Ku tafi da yaro, kuma ku bar shi ya kalla.