Ranar Da Na Harba Babu Bisimilla

Jama'a, wallahi wannan ba labarin teburin mai shayi ba ne, ni abin ya faru da ni, shekarar da soja suka miƙa mulki. Ni ɗan unguwar Madabo ne a Kano, amma neman abinci ya kai ni aikin jirgin ruwa can tekun kudu, muna binciken wani gas da ke daskare kamar ƙanƙara a ƙarƙashin laka. Mukan jera na'urorin sauraro a ƙasan teku, sai a harba bindigar iska, ƙarar ta ratsa ƙasa ta dawo, turawa su karanta. Ni ke danna maɓallin.

To ni goyon kaka ne. Hajiya Babba ko ruwan zafi ba ta bari a watsar a tsakar gida sai da bisimilla, kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Don haka kullum sai na yi ta kafin in harba, abokan aiki na min dariya, wai liman.

Ranar rantsar da farar hula, da hantsi, hankalina na kan rediyo, kawai na danna. Da muka ɗago na'urorin aka kunna, innalillahi, kukan jariri ne tsaf, har da shessheƙa! Ɗaya daga cikin turawan ya ce kifi ne. Kifin gidan wa? Ni da na baro 'yar wata huɗu a gida, ban san kukan jariri ba?

Bayan mako biyu na iso Kano. Tun daga soro da na ga fuskar matata na san ba lafiya ba. Ta ce ranar rantsuwar nan da hantsi 'yarmu Nana ta zabura daga barci ta tsala ihu, tun daga nan ko kwano aka yar ba ta waiwayowa.

Hajiya Babba, wadda har ta rasu ta ɗauka kamun kifi nake yi, ta dube ni ta ce, "Kai, ɗan wa ka kurumta a can?"



An yi asibiti, an sha rubutu, an yi sadaka. Kunnen dama ya buɗe, na hagu har yau shiru, likita kuma ya ce bai ga komai ba. Ban sake komawa ruwa ba.

Ku masu aiki inda ba kwa ganin ƙasansa, ku riƙa neman tsari, ba ko'ina ne babu mazauna ba. Nana yanzu har da 'ya'yanta, amma in ta kwanta a kan kunnen hagun, ta ce ruwa take ji yana motsi, ita da ba ta taɓa ganin teku ba.