Man Shanun Da Na Kai Kano

Me ya sa mijina Malam ya bar min wannan aiki, ni da ban san baƙi ba, ga ƙannensa masu boko? Har yau ban sani ba. Autata Zulai ce ke rubuta wannan, in na yi kuka ta jira ni.

Kafin rasuwarsa ta nemi digiri na biyu a makarantar kasuwanci a Kano. Ina fita takaba aka kira ta ganawa. Matan unguwarmu Tumfure suka ce ba a ɗaukar mai shagon hatsi irinta, sai ma'aikatan banki. Ƙanen Malam ya ce ba a shiga sai da babban mutum da ɗan abin gaisuwa, gara ta haƙura. Ta fara haƙurar kuwa. Na ce ni ce babban mutum, na cika gora da man shanu.

Gombe zuwa Darazo

Muna sallame asuba muka hau keke napep zuwa tashar Dukku. Direba ya so ya danna gorar cikin but, na rungume abina. Ya ce, "Inna, jariri ne?" Na ce ya fi jariri tsada. Wajen Dukku sojoji suka leƙo, suka ga tsufana, suka ɗaga mana hannu. A Darazo muka karya da masa. Nan Malam yake saya min rake duk sanda muka bi hanyar. Na ture masar gefe.

Birnin Kudu zuwa Kano

Taya ta fashe kafin Birnin Kudu, muka yi azahar a gindin kuka. Zulai ta ce ko ta ce musu ta taɓa aikin banki? Na ce shagon ubanta ya ci da gida, ba abin ɓoyewa ba ne. Muka ƙetare gadar Wudil da la'asar, muka sauka gidan 'yar ƙanwata a Hotoro.

Ƙofar makaranta

Da safe na tari ma'aikacin da ke kiran suna, na ce a kai wa shugaba gorar. Ya rusuna ya ce, "Hajiya, ba a karɓa. Ita kaɗai za ta shiga." Zulai ta dube ni, ta gyara mayafi, ta shige.

A benci na tarar da wani saurayi ɗan Chana yana jiran layinsa. Sai na ji ya ce, "Sannu, Mama." Atamfa yake sayarwa a kasuwar Kwari, can ya koyi Hausa. Na ba shi labarin gorar, ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce su ma haka ake tsorata su a gida: wai sai wanda makinsa ya fi na kowa, wai in makaranta ta ɗauki ɗan Chana ɗaya ta ƙoshi, wai sai ka biya wani ya tsara maka tarihinka. Shi nasa ya rubuta da hannunsa, labarin atamfa. Na ce to ga man shanu, ai kai ba shugaba ba ne. Ya karɓa da hannu biyu.

Zulai ta fito tana share zufa. Ta ce a kan shagon hatsin kawai suka yi ta tambayarta.

Komawa gida

Washegari muka kamo hanya, ana kiran magariba muka shigo Tumfure. Bayan ƙaramar sallah saƙo ya zo wayarta, an ɗauke ta. Na gode wa Allah, na gode wa 'yar ƙanwata da direban nan mai tsokana.

Na shiga ɗakin Malam na zauna bakin gadon da ya cika a kai. Ranar ya riƙe hannuna, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Hajara, ki kai ta bakin ƙofa kawai. Za ta shiga da ƙafarta."