Bencin da Na Ɗauke a Kawukudi

Yayana ya yi sama da shekara ashirin yana gasa cicinga a mahaɗar Kawukudi, a jikin katangar wani gida, kuma ni ne sanadin da ya rasa wurin. Cicinga shi ne tsire a bakin mutanen Akra. Na daɗe ina ba da wannan labari ta wata fuska, ina cewa mai gidan ne ya yi kwaɗayi. Yanzu na tsufa, zan faɗe shi yadda ya faru.

Ban yi karatu mai nisa ba. Ina saurayi na sami aikin wanke-wanke a kicin ɗin wani jirgin ruwa na kaya da ya tashi daga tashar Tema. Bayan yawo mai yawa jirgin ya lalace a ƙasar Girka, aka sallame mu, kowa ya kama gabansa. Ni na bi wani abokin aiki zuwa garinsu, wani ƙaramin ƙauye a tsibiri. Hanya ɗaya ce a ƙauyen, ta bi bakin ruwa. Gidajen farare ne, kwale-kwalen masunta suna ɗaure a gabansu, kyanwoyi ko'ina. Da zafi jirgin fasinja yakan tsaya sau biyu a rana. Da sanyi sai a yi mako ba a ji ƙahonsa ba.

Kusa da inda jirgin ke tsayawa akwai wani tsoho mai shagon gashin nama, shagon bai fi ɗakin haya na Nima, unguwar da ke jikin tamu a Akra, girma ba. Kwana uku ina tsayawa ina kallon wutarsa. A rana ta huɗu ya fito ya miƙo min mafici. Ya ga yadda na baje gawayin, ya gane ba yau na fara ba. A hannun Yaya na koya tun ina ƙarami. Haka na shekara bakwai a shagon nan.

Abincinsu ba shi da wahala. Ana yanka nama ƙanana, a jiƙa da man zaitun, a soke a tsinke. Idan ya gasu sai gishiri, da lemun tsami, da wani busasshen ganye mai ƙamshi da matar tsohon ke tsinkowa a kan duwatsu. Suflaki suke ce masa. Mai son ƙoshi sai a ɗumama masa gurasa a kan wuta, a zare tsinken a ciki, a sa tumatir da albasa da soyayyen dankali, a zuba kindirmo da aka dama da kokwamba da tafarnuwa, a naɗe a takarda. Yawancin namansu na alade ne. Tsohon ya ware min wayar gashi tawa daban, ta kaza da rago, ya kuma hana kowa ɗora wani abu a kanta. Amma ba zan ɓoye ba, ranar da mutane suka yi yawa na sha juya nasa tsinkayen da hannuna. Wannan tsakanina da Allah ne.

Abin da ya shiga raina shi ne saurin wurin. Da jirgi ya yi ƙaho, tsohon zai buga tafi, mu cika waya da nama. Mutane su sauko da jakunkuna, su yi layi, kowa ya ɗaga yatsu ya nuna nawa yake so. A tsaye suke ci, mai yana gangaro musu har gwiwar hannu, su goge baki su wuce. Ba doguwar gaisuwa, ba a tambayar gajiya da iyali. Kafin jirgin ya sake ƙaho mun sayar da abin da Yaya yake yini bai sayar ba. Na ce a raina ai wannan ita ce sana'a, mu a gida wasa muke yi.

Da tsohon ya gaza, ɗansa ya karɓi shagon, ni kuma na dawo gida unguwarmu Maamobi da akwati ɗaya da gwangwanin ganyen nan. Nan take aka sa min suna Boga, yadda ake kiran duk wanda ya dawo daga Turai. Na tarar hayaƙi ya cinye idon Yaya. Aka yi masa aiki a asibiti, likita ya ce kada ya kusanci wuta sai bayan wasu watanni. Ya kira ni ɗakinsa, yana zaune da baƙin tabarau.

"Ka riƙe min wurin kawai," in ji shi. "Ba na son ka ƙara komai. Kullum a ga hayaƙi yana tashi, shi ke nan."

Na ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka. Sai ka kasa gane wurin."

Ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan."

Wurin nasa tebur ne da wayar gashi da akwatin gilashi, sai wani dogon benci a jikin katanga. Daga la'asar zuwa magariba dattawa uku ko huɗu ne a kan bencin, suna musun ƙwallo da siyasa. Babbansu wani tsohon direban babbar mota ne, wanda ya yi zamaninsa a hanyar Kumasi zuwa Bawku, kuma kawu ne ga mai gidan da muke jingine da katangarsa. Ba kasafai suke saye ba. Yaya yakan yanka musu 'yar hanta a takarda, ya barbaɗa yaji, ya ajiye a tsakiyarsu. Babu takardar haya tsakanin Yaya da mai gidan, magana ce ta baki tun zamanin mahaifinsa. Duk wannan na sani.

A makon farko na ajiye yajin ƙuli-ƙulin da matar Yaya take dakawa. Na sa wata mata a Kotobabi ta riƙa gasa min gurasa, na sayo lemun tsami da kokwamba a Kasuwar Malam Atta, na sami kindirmo wurin Fulani. Wani kwandastan tiro-tiro, motar hayarmu ta cikin gari, ya karɓi tsinke, ya juya shi gaba da baya.

"Boga, ina rigar naman? Tsirara za mu ci shi?"

Na nuna masa kindirmon. Ya ja da baya.

"Nono a kan nama? Cale, abokina, an yaye ni tuntuni."

Amma wasu sun so shi, musamman 'yan makaranta da ma'aikatan ofis da ke jiran mota. Da na ga ƙorafi ya yi yawa na dawo da yajin, na ajiye a gefe ga mai so. Don haka ba abincin ne ya kashe wurin ba, ko da yake shekaru da yawa na bar mutane suna zaton haka.

Bencin ne ya tsone min ido. Ina ganin ya tare hanyar masu saye, ina ganin hantar da nake yankawa asara ce. Wata safiya na ɗauke shi na kai tsakar gidanmu. Da la'asar tsohon direban ya iso da sandarsa, ya tsaya yana duban katanga.

"Ɗana, ina benci?"

"Baba, an kai shi gyara."

Ya yi tsaye kaɗan, ya tafi. Washegari ya sake tambaya, na sake faɗin haka. A rana ta uku ya ce, "Kafintan nan rasuwa ya yi ne, mu je gaisuwa?"

Mutane biyu da ke jiran nama suka yi dariya, ni kuma dariyar ta ba ni haushi. Na ce, "Baba, gaskiya ni na ɗauke. A inda na yi aiki a tsaye ake ci a wuce. Nan wurin sana'a ne, ba majalisa ba."

Bai yi fushi a fuska ba. Ya ce, "To, Allah ya ba da kasuwa." Ya tsallaka titi zuwa wurin mai shayi, sauran suka bi shi.

Matar Yaya ta ga bencin a tsakar gida, yara suna shanya kaya a kai. Ta tare ni a bakin famfo.

"Boga, ka mayar da abin nan kafin yayanka ya ji."

"Ke dai ki ci gaba da daka yaji, ki bar min harkar titi."

"Wuta ka sani," in ji ta. "Ba ka san Nima ba."

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, a tsibirin ma akwai irin wannan zama. Kujeru uku ne a bakin ƙofar shagon. Duk lokacin sanyi, da jirgi ba ya zuwa, tsofaffin masunta ne a kansu, suna jan wani abu kamar carbi, tsohon yana kawo musu gutsuren gurasa da 'ya'yan zaitun, ba ya karɓar komai. Shekara bakwai ina shara ina kewaye ƙafafunsu. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake barin su ba. Layin jirgi kawai na gani, shi na ɗauko na kawo gida.

Ba a yi wata biyu ba mai gidan ya zo bayan sallar Juma'a, ya ce min wani zai kafa kwantenar sayar da wayoyin salula a wurin, mu kwashe kayanmu kafin ƙarshen wata. Daga baya na ji cewa ba wannan ne karo na farko da aka nemi wurin ba. Sau biyu a baya an zo, mai gidan ya je wurin kawunsa, kawun ya ce masa, "Nan muke zama," maganar ta mutu. A wannan karon ma ya je ya tambaye shi. Tsohon ya ce, "Ni ba na zama a can."

A ranar da mai gidan ya zo na ɗauko bencin a kaina daga Maamobi har Kawukudi, na ajiye shi a inda yake. Na tsallaka wurin mai shayi na durƙusa gaban tsohon. Ya karɓe ni da kyau, har ya sa aka haɗa min shayi. Na roƙe shi ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa magana, ko don Yaya.

Ya ce, "Yayanka mutumin kirki ne, kuma zan je in duba shi. Amma yaron nan ya tambaye ni, na ba shi amsa, ya je ya ba wani alkawari. In sa shi ya zama maƙaryaci a kan me? Ni ba ƙarya na faɗa masa ba."

Na shanye shayin, na tashi. Bencin ya yi kwana goma sha wani abu a wurin, babu wanda ya zauna sai mata 'yan dako da ke sauke kwanukansu su huta. Ranar da motar ɗaga kaya ta kawo kwantenar, ni da matar Yaya muka tura tebur da waya a baro zuwa gida.

Da idon Yaya ya warke, ya kafa wutarsa a ƙofar gidanmu, cikin lungu, kusa da kwata, inda ba mai wucewa sai maƙwabta. A nan ya ƙarasa sana'arsa, yana sayar da abin da bai kai rabin na da ba. Bai taɓa yi min faɗa ba, bai kuma sake ba ni mafici ba. Ni na koma Tema na kama aikin gadi. Idan na zo gida muka gaisa, sai mu yi maganar farashin shanu da ruwan sama.

Sai da ya kwanta ciwon da bai tashi ba na iya buɗe baki. Da rana ne, yana kishingiɗe a tabarma a zaure, ni kaɗai ne tare da shi. Na ce, "Yaya, maganar Kawukudi, ba mai gida ba ne. Laifina ne."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na sani tun ranar. Ina jira ne in ji ko kai ka sani."

Na ce ya yafe min.

"Ka daɗe a hanya," in ji shi, "amma na ji. Miƙo min buta, an kusa kira."

Na miƙa masa, na riƙe masa kafaɗa ya zauna ya yi alwala.